Mai Ƙafa Uku da Karatun Goni Modu

Jiya na ji ku kuna cewa duk cikin kayan gyara babu abin da ya kai reguleta sauƙi. Wai ƙafa uku ce kawai: wuta ta shiga ta ɗaya, ta fita ta ɗaya, ta tsakiya kuma ita ce ƙasa, shi ke nan. Ban ce kun yi ƙarya ba. Haka take. Ni ma haka na ɗauke ta ranar da na fara ɗora ta a tafin hannuna, a rumfata da ke kusa da Bata, lokacin gemuna baƙi wuluk. Ku jawo benci ku zauna in gaya muku abin da na yi da ita.

A Fagge aka haife ni, amma a Sabon Gari na koyi aiki, wajen wani Bayarabe da ake kira Baba Lasisi. Mahaifinsa ne ya zo Kano aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a nan ya tashi, Hausar bakinsa ta fi ta wasunku. Aikin farko da ya bar ni na taɓa wani rediyo ne mai bawul, irin na da mai ƙwayayen gilashi a ciki, na wani tsohon ma'aikacin tasha, girmansa ya kai akwatin ƙarfe. Na ɗauko sukudireba zan kwance shi, sai Baba ya buge mini hannu.

Ya ce, "Ka sansana shi tukuna."

Na kai hancina bayan rediyon, na ji ƙauri kamar na gashi.

"To, wannan taransifoma ce ta ƙone. Da kondensa ce, da warin kifi za ka ji. Garba, hancinka ne farko, sai kunnenka, sai yatsanka. Mita ita ce ta ƙarshe."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Ayan biyu gare shi na narkar da dalma, ɗaya na lantarki, ɗaya na jan ƙarfe da ake ɗorawa a kan risho idan an ɗauke wuta. Akwai filaya, da sukudireba kala-kala, da buroshin haƙori na share ƙura daga cikin inji. Sai mitarsa mai allura, wadda yake naɗewa cikin tsumma ya sa a aljihun tebur. Na shekara biyu a wajen kafin ya yarda in kunna ta da hannuna. Ba rowa ba ce. Cewa ya yi wanda ya fara da mita ba ya koyon taɓa abu da yatsa.

Ina gama koyo ya yaye ni, na kama rumfa tawa, sai ga kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Ku ba ku ga wannan zamani ba. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota. Shagunan titin Ibrahim Taiwo suka cika da rediyo mai kaset, har a bakin ƙofa ake jera su. Duk alhajin da ya sauko daga jirgi, da rakoda a hammatarsa. Mai shayi na da ita, tela na da ita, direban tasi na da ita. Ita kuwa rakoda cin batir gare ta kamar me. Ka sa mata sabbi guda huɗu yau, jibi murya ta fara ja. Sai mutane suka koma sayen adafta, wato ɗan akwatin da ake sakawa a soket ya mai da wutar gida ta zama daidai da ta batir.

Nan aikinmu ya ƙaru, don adaftocin kasuwa ba su da abin da zai tsare wuta. Taransifoma ce kawai da dayod da kondensa guda. An rubuta bolt shida a jiki, amma idan ka ɗora mita sai ka ga tara, wani lokacin goma. Wutar gari kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: da safe ta hau, da yamma ta sauka. Idan ta hau sai rakoda ta ƙone. Idan ta sauka sai mawaƙi ya riƙa ja kamar mai jin barci. A mako guda sai a kawo mini rakoda biyar, duk ciwo ɗaya.

Muna da maganin abin, amma mai wahala ne. Sai ka haɗa taransisto da dayod na musamman da 'yan rasisto a kan ɗan allo, ka yi ta gwadawa kana canzawa har allura ta tsaya inda kake so. Aikin rabin yini ne a kan adafta ɗaya, kuma kowace da halinta.

Wata rana mai sayar mana da kayan gyara a kasuwar Sabon Gari ya dawo daga Ikko, ya kira ni ya buɗe wani gwangwanin taba. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa baƙaƙe, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, da ƙafa uku, da ɗan ƙarfe a baya mai huji a sama.

Na ce, "Taransisto ne?"

Ya ce, "A'a. Duk wahalar da kake yi a kan allo, tana cikin wannan. Dubi lambar. Lamba biyun ƙarshe su ne wutar da za ta ba ka. Mai sifili biyar, bolt biyar. Mai sifili shida, shida. Mai sha biyu, sha biyu. Ba a juya ta, ba a saita ta."

Babu takarda, babu bayani. Na ɗauki mai shida na koma rumfa, na liƙa ta a bayan kondensar wata adafta, na ɗora mita. Allura ta tafi kan shida ta tsaya cak. Na jira har la'asar, lokacin da wutar layinmu ke sauka, fitilar rumfa ta yi ja. Allura ba ta motsa ba. Na rufe rumfa na tafi wajen Baba Lasisi da ita a aljihu.

Baba ya sa tabarau, ya juya ta gaba da baya. Shi ma bai taɓa ganinta ba. Ya gwada da mitarsa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Abin kirki ne. Amma wannan hujin na mene ne?"

Na ce, "Na ɗaure ta ne da kusa, don kada ta yi lilo."

"Abin da bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba, shi za a yi wa ƙarfe da huji don kada ya yi lilo? Wanda ya ƙera ta yana so a manna ta a jikin wani ƙarfen. Ka manna ta."

Na ce to. Amma ban manna ba. Na riga na samo dabara: akwatin sabulun wanka na roba, wanda ake sayarwa a Kantin Kwari da bakin Bata. Ƙaramar taransifoma na shiga ciki daidai, da dayod huɗu, da kondensa, da mai ƙafa uku. In huda gefe biyu in fitar da waya, in rufe in naɗe da salatif. Babu wurin wani ƙarfe a ciki, kuma ban ga amfaninsa ba. Na kunna rakoda da ita sa'a guda a rumfa, ta yi ɗumi kaɗan, ba ta yi komai ba. Lokacin sanyi ne, ban sa wannan a lissafi ba.

Kafin wata biyu an san adaftar Garba daga Fagge har tasha. Masu sayar da tikiti a tasha suka saya, direbobi suka saya, wani mai otal ya sa na yi masa ta kowane ɗaki. Ba a ƙara kawo mini rakodar da ta ƙone daga hannun wanda ya sayi tawa ba.

Cikin wannan lokacin ne Malama Yagana ta zo. Shugabar wata makarantar firamare ce ta 'yan mata, tana zaune a Fagge, layi uku tsakaninsu da gidanmu. Mutanen Borno ne, amma a Kano aka haife ta. Kowa a unguwa ya san mahaifinta, Goni Modu, don da wuya ka sami gidan da ba wanda ya yi karatu a zaurensa. Ta ajiye wata rakoda sabuwa fil a kan teburina.

Ta ce, "Malam Garba, ba lalacewa ta yi ba. Batir ne ya ishe ni. Kuma ba tsadarsa ce ta dame ni ba. Idan ya fara rauni muryar Babana da nake ɗauka sai ta canza, ka ji kamar ba shi ba."

Na tambaye ta abin da ake ɗauka. Ta yi mini bayani. Goni yana da wata fassarar Alƙur'ani da tsohon Barbarci, wadda ya ɗauka daga bakin mahaifinsa, shi ma daga bakin nasa. Ba irin Barbarcin da ake yi a kasuwa ba ne, na malamai ne. Ba a rubuce take ba, a ka take. 'Ya'yansa duk da Hausa suka tashi, ɗalibansa ma Hausawa ne, da Hausa yake yi musu fassara. Ita dai waccan ba wanda ya ɗauke ta daga gare shi. Ga shi ya tsufa, idonsa ya kusa rufewa gaba ɗaya.

"Shekara uku ina roƙonsa kafin ya yarda. Yanzu ya yarda, mun fara daga Baƙara. Ina son abin da zan saka a bango in manta da shi."

Na ce, "Malama, kin zo inda ya dace. Wannan ko wuta ta hau ko ta sauka, shida za ta ba ki."

Na haɗa mata guda a cikin koren akwatin sabulu, na gwada a gabanta, ta tafi.

Yadda suke aikin shi ne, Goni ya fi jin ƙarfin muryarsa da hantsi, lokacin ita tana makaranta. Ba ya kuma son kowa a kusa idan yana wannan karatun. Saboda haka ta koya masa maɓallan da yatsa. Ta ɗiga kakin kyandir a kan guda biyun da ake dannawa tare, don ya gane su da taɓi. Kullum kafin ta fita sai ta ajiye masa sabon kaset. Ya karanta sumuni guda da fassararsa a fuska ɗaya, ya juya, ya karanta wani sumunin, ya cire ya sa a kwando. Ita kuma ran Asabar ta zauna ta saurari na mako, ta rubuta sura da aya a jikin kowanne. Haka suka yi ta yi duk lokacin sanyi, lafiya lau.

Sai bazara ta shigo. Ku kun san zafin Kano na kafin ruwa ya sauka, wanda ko kwanon rumfa ba ka iya taɓawa da rana. Mai otal ne ya fara aiko mini da adafta biyu, wai suna ɗaukewa. Na gwada su da safe, suna aiki. Na mayar masa na ce soket ɗinsa ne. Wani mai tikiti ya kawo tasa, shi ma na ce wayar rakodarsa ce. Ina da amsa ga kowa.

Ran wata Lahadi da safe Malama Yagana ta zo da kaset biyar a cikin jaka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in sa ɗaya in ji.

Na sa. Muryar tsoho ta fito, a natse, yana karanta aya yana bin ta da fassara. Suratu Yusuf ce. Aka yi kamar minti goma haka. Sai muryar ta fara sirancewa tana sauri, kamar ana kora shi, ta koma kamar ta ƙaramin yaro, sai ɗif. Sauran kaset ɗin babu komai. Na juya ɗaya fuskar, ita ko minti biyar ba ta kai ba. Duk biyar ɗin haka suke.

Ku da kuka san aiki kun gane abin da ya faru. Wuta ce ta riƙa raguwa ana cikin ɗauka, moto ya rage gudu har ya tsaya. Maɓallan kuwa suna nan a danne. Goni ba ya ganin ko kaset na juyawa. Safiya biyar yana zaune shi kaɗai yana karanta wa injin da ya riga ya tsaya.

Ta ce, "Rakodar ce, ko abin da ka haɗa?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Malama. Ki bar ni in zo gobe in zauna a wurin."

"Ban gaya masa ba. Kai za ka gaya masa, don kai ka san abin da za ka ce."

Washegari da hantsi na yi sallama a zauren. Goni na zaune a kan buzu, siriri, fari, da carbi a gefensa. Zauren ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya. Ga rakoda a gabansa, ga koren akwatina a lungu kusa da soket, rana ta tagar tana sauka daidai kansa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Wane ne?"

"Garba ne, Allah gafarta Malam, ɗan Malam Inuwa mai goro. Mai gyaran rediyo."

"A'a, ɗan Inuwa. Kai ne ka yi mana abin wutar? Allah ya yi albarka. Yagana ta ce tun da aka sa shi muryata ta daina canzawa."

Na roƙe shi ya bar ni in zauna yau kawai, ina so in duba injin yana aiki. Ya ce in zauna amma kada in yi motsi. Ya lalubi maɓallan ya danna, ya yi bisimilla, ya fara.

Idona na kan kaset. Yana juyawa daidai. Can sai na ga ya fara nauyi, yana ja, yana ja, ya tsaya. Goni bai sani ba, yana ta karatunsa. Na miƙa hannu a hankali na ɓare salatif ɗin akwatin, na buɗe, na ɗora yatsa a kan mai ƙafa uku. Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Tabon ya yi mako biyu a yatsana. Robar da ke kusa da ita har ta lanƙwashe.

Goni ya tsaya. Ya ce, "Me ya faru? Na ji ƙaurin roba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, injin ya tsaya. Kuma ba yau ya fara ba. Karatun makon jiya duka, na safiya biyar, farkonsa kawai ya kama. Ba laifin rakodar ba ne, ba na Malama ba ne. Abin da na haɗa ne yake zafi ya ɗauke. An gaya mini in yi shi wata hanya, ban yi ba."

Ya ɗauki carbinsa ya riƙe, bai ja ba.

Sannan ya ce, "Daga ina ya tsaya?"

"Malama ta ce daga inda 'yan'uwan suka zo wa mahaifinsu da rigar."

"Har zuwa?"

"Har inda aka kai ranar Juma'a."

Ya ce, "To. Karatun dai an yi shi, wanda aka yi dominsa ya ji. Na inji ne bai samu ba. Zai gyaru?"

"Zai gyaru, in Allah ya yarda."

"Yaushe?"

"Gobe da hantsi."

"To je ka. Kada ka tsaya ba ni haƙuri, lokacin ba nawa ba ne."

Daga nan wajen Baba Lasisi na wuce. Na ajiye akwatin a gabansa. Ya dubi robar da ta narke, ya dube ni. Ina jiran faɗa, bai yi ba. Ya jawo wani kwalin batir ya juya bayansa, ya ɗauki fensir.

Ya ce, "Nawa ke shiga?"

"Sha biyu, in wuta ta hau har sha uku."

"Nawa ke fita?"

"Shida."

"Sauran shidan ina suka tafi?"

Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba.

"Ba ta mayar da su cikin bango, Garba. Ba ta da inda za ta kai su. Ƙona su take yi a jikinta, su zama zafi. Iyakar abin da rakoda ta ja, iyakar zafin da za ta yi. Kai kuma ka kulle ta a cikin roba, a bazara. Ka gode wa wanda ya ƙera ta, da alama ya sa mata hankalin da idan zafi ya yi yawa take ɗauke kanta. Da taransisto ce irin tamu, da ta fashe ta tura wa rakodar wutar gaba ɗaya."

Shi ya sa duk wanda ya kawo mini tasa sai in ga tana aiki. Kafin ya iso rumfa ta huce.

Muka tafi tare cikin kasuwa wajen masu ƙera tukwanen alminiyam, muka karɓo guntayen da suke yarwa. Baba ya yanka ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ya goge shi da fayil har ya yi sumul, don ya ce in akwai ɗan tudu ko ƙwaya ɗaya tsakanin ƙarfen biyu zafi ba zai wuce ba. Ya lanƙwasa gefunansa sama, ya huda, ya ɗaure mai ƙafa uku da kusa tamau. Ya sa na canza taransifomar da wadda ba ta kai waccan ƙarfi ba, don abin da za a ƙona ya ragu. Amma ya gargaɗe ni kada in rage da yawa. Ita wannan aba sai abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da kamar bolt biyu ko uku, in ba haka ba idan wutar gari ta sauka sai ka ji rakoda na gurnani. Ya ƙara 'yan ƙananan kondensa biyu dab da ƙafafunta. Akwatin sabulu kuwa ya jefa shi a kwandon shara. Muka sa komai a cikin gwangwanin madara babba, muka huda shi ta ko'ina da ƙusa.

Sannan ya ce in fitar da shi rana. Muka ajiye gwangwanin a bakin titi, tsakar rana, rakoda na ɗauka, daga azahar har la'asar. Bayan kowane kaset sai ya ce in sa yatsa. Da ɗumi, amma ana iya riƙewa.

Ya ce, "Gwaji a inuwa da safe ba gwaji ba ne. Ka gwada abu a inda zai zauna, a ranar da ta fi kowace muni."

Washegari da hantsi na kai wa Goni. Na matsar da gwangwanin daga bakin taga, na kuma liƙa ɗan ƙaramin ƙwan fitila a jikinsa, duk da na san ba zai gani ba, saboda Malama. Na zauna har ya gama fuska biyu, na mayar da kaset baya na kunna masa ƙarshensa. Ya saurari kansa yana rufe karatu da addu'a, ya ce madalla.

Malama Yagana ta so a koma a cike na safiya biyar ɗin nan take. Goni ya ƙi.

Ya ce, "Ni na san abin da nake ji a ƙirjina. Gaba ta fi yawa. Mu tafi gaba. In Allah ya kai mu Nasi, sai mu dawo wa Yusuf."

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Duk adaftar da na sayar sai da na bi ta. Na rufe rumfa da rana ina yawo a keke, tasha, Fagge, Sabon Gari, ina karɓo akwatunan sabulu ina mayar da gwangwani. Wasu sun karɓa sun yi godiya. Wasu sun ce in riƙe abina, sun gaji. Mai otal ya koma wajen wani. Direbobin da suka yi nisa ban same su ba sam. A bakin Bata har suna aka sa mini, Garba Sabulu, kuma ya bi ni shekaru. Aiki ya ja baya sosai, sai da na koma ina karɓar ragowar gyara daga teburin Baba Lasisi kamar sabon ɗan koyo, har damina ta wuce mutane suka fara dawowa.

Amma kowace Asabar ina zuwa zauren Goni. Ba wanda ya ce in zo. In goge kan rakodar da auduga da sipirit, in duba bel, in taɓa gwangwani, in ɗora mita. Wani lokacin ya ce in zauna mu sha kunu, ya tambaye ni yadda murya ke shiga cikin zare. Na yi masa bayani iyakar sanina. Ya ce shi dai abin da ya gane, inji ma sai an bar masa wurin shan iska.

Ya kai Nasi bayan sanyi ya sake zagayowa. Ranar Malama ta yi abinci aka raba a layi. Ya huta kwana biyu, ya ce a kawo kaset a koma wa Yusuf. Lokacin muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na matso masa da makirfo dab da baki, na ɗaure a jikin wata 'yar sanda. Ya yi safiya ta farko. Ya yi ta biyu. Ta uku sai da ya huta sau huɗu kafin ya gama. Washegari bai fito zaure ba. Kwana tara bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Malama ta adana kaset ɗin nan a cikin akwatin ƙarfe, kowanne da lambarsa da rubutunta. Ita ma yanzu ta rasu. Shekarun baya wani jikan Goni, malami ne a jami'a, da furfurarsa, ya zo nan da mota ya sauke akwatin. Ya ce an gaya masa ni kaɗai na rage da ke da injin da zai juya su ba tare da ya cinye zaren ba, yana so a mayar da su cikin kwamfuta. Muka yi wata biyu muna yi, shi da kansa yake zama yana bi da Alƙur'ani a hannu. Muryar na nan garau, ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

Da muka zo kan guda biyun nan na Yusuf da Goni bai samu ya sake ba, ya ji kakansa ya sirance ya yi sauri ya ɗauke. Ya sa na mayar baya, ya sake ji. Ya duba cikin akwatin ko akwai wasu masu lamba ɗaya, babu.

Ya ce, "Baba, waɗannan biyun zaren ne ya lalace? Ko akwai dabarar da za a yi a dawo da sauran?"

Na ce, "Zaren lafiyarsa lau, Malam. Babu abin da za a dawo da shi, don bai taɓa shiga ba."

"To me ya faru?"

Na ce masa ya gyara zama. Na ce ni ne, kuma na gaya masa duk yadda aka yi, kamar yadda na gaya muku yanzu. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗauki biro, ya rubuta a jikin kwalin kaset ɗin ayar da karatu ya tsaya da ayar da ya ci gaba, ya miƙo mini na gaba, ya ce mu ɗora.